Me Ke Hana Ƙarami Magana a Gaban Babban Likita?



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wurin da babu ɗayanmu da ya isa ya ce ba ruwansa da shi, wato gidan likita. Wanda bai taɓa kwanciya a ciki ba ya yi zaman jinya, wanda bai yi zaman jinya ba ya je dubiya, ko ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin haihuwa yana jiran labari. Mun saba ɗauka cewa, bayan ikon Allah, sabubban samun sauƙi a wannan wuri guda biyu ne: zurfin ilimin likita da samuwar magani. To, akwai na uku wanda ba a cika ambatonsa ba, shi ne yadda mutanen da ke kewaye da gadon maras lafiya suke magana da junansu, da yadda suke yanke shawara, da wanda ake saurara da wanda ba a saurara. Masana halayyar ɗan Adam a cikin jama'a sun shafe fiye da shekara 70 suna binciken wannan al'amari, galibi a Amurka da Turai, kuma abin da suka gano ya cancanci a tsaya a kansa.

Bari mu fara da abin da ya auku a Ingila ranar 29 ga watan Maris na shekarar 2005. Wata mata mai suna Elaine Bromiley, ƴar shekara 37, uwar ƴaƴa biyu, ta shiga asibiti da ƙafarta domin a yi mata ƙaramin aiki a hanci. Bayan an yi mata allurar barci, sai likita ya kasa shigar da iska cikin huhunta. Ya yi ƙoƙarin zura bututun numfashi ta maƙogwaro, abu ya faskara. Wani babban likitan sa barci ya shigo taimako, likitan fiɗa ma ya matso, su uku, kowanensu ƙwararre ne da ya daɗe yana aiki. Ƙa'idar da dukansu suka karanta ta ce idan bututu ya ƙi shiga, iska kuma ta ƙi shiga, to a huda gaban wuya a buɗe wa numfashi hanya. Amma hankalinsu ya tattaru a kan abu guda, suka yi ta maimaita abin da ya riga ya ƙi, lokaci yana tafiya ba su ankara ba. Ma'aunin iska a cikin jininta, wanda ga mai lafiya yakan wuce 95, ya faɗi zuwa wajen 40, ya daɗe a nan kimanin minti 20.

Ma'aikatan jinya da ke ɗakin sun fahimci halin da ake ciki. Ɗaya ta ɗauko kayan huda wuya ta kawo, ta faɗa cewa ga su nan, ba wanda ya tanka mata. Wata ta buga waya ta nemi gado a sashen kulawa ta musamman, da ta dawo ta sanar, sai irin kallon da aka yi mata ya sa ta ji kamar ta yi azarɓaɓi, ta koma ta soke. Matar ba ta sake farfaɗowa ba, ta rasu bayan kwana 13. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ilimi bai yi ƙaranci a ɗakin ba, kayan aiki ma suna nan. Waɗanda suka san abin da ya kamata a yi ba su san yadda za su faɗe shi a ji ba, waɗanda wuƙa ke hannunsu kuma ba su da kunnen ji a wannan lokaci, har ma ba a tantance wane ne jagora a cikinsu ba. Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne. Bai nemi a kori kowa ba. Ya nemi a yi bincike irin wanda ake yi idan jirgi ya faɗi, sannan a shekarar 2007 ya kafa ƙungiya domin koyar da ma'aikatan lafiya wannan fanni.

Ajali idan ya zo babu mai jinkirta shi, wannan ba mu da ja a kai. Amma wanda aka damƙa wa amanar ran mutum abin tambaya ne game da sabubban da ke hannunsa, kuma su muke so mu duba.

Rinjayen taro da umurnin na gaba

A farkon shekarun 1950 wani malami a Amurka mai suna Solomon Asch ya yi wani gwaji mai sauƙi. Yakan zaunar da ɗalibai bakwai zuwa tara, ya nuna musu kati mai layi ɗaya, da wani katin mai layuka uku, ya ce kowa ya faɗi wanda tsawonsa ya yi daidai da na farko. Amsar a fili take, mutum idan shi kaɗai ne ba ya kuskure ko sau ɗaya cikin 100. Sai dai dukan waɗanda ke zaune an haɗa baki da su, in ban da mutum guda, wanda aka ajiye kusa da ƙarshen layi. A cikin zagaye 18, sau 12 sauran za su faɗi amsar da ba ita ba, baki ɗaya, da fuska a sake. Sakamakon shi ne kimanin kashi 37 cikin 100 na amsoshin waɗanda ake gwadawa sun bi taro sun bar abin da idonsu ya gani, kuma mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Adalci ne mu faɗi cewa mafi yawan amsoshin sun tsaya a kan gaskiya, kuma akwai waɗanda ko sau ɗaya ba su karkata ba. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne wani sauyi da Asch ya yi: da ya sa mutum ɗaya tak daga cikin taron ya riƙa faɗin amsar gaskiya, sai bin taro ya faɗi zuwa wajen kashi 5. Ashe abin da ke karya mutum shi ne ya ga ya zama shi kaɗai.

Wannan a kan tsawon layi ke nan, inda babu ran da ke hannun kowa. A shekarar 1966 wani likita mai suna Charles Hofling da abokan aikinsa suka kai gwajin cikin asibiti. Ma'aikaciyar jinya tana bakin aiki sai waya ta yi ƙara, wani da ba ta taɓa gani ba ya ce shi likita ne, ta ba wane miligiram 20 na wani magani mai suna Astroten, zai zo ya sa hannu daga baya. A jikin kwalin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa iyakar abin da ake sha a yini miligiram 10 ne. Maganin ba ya cikin jerin waɗanda aka amince da su a sashen, kuma dokar asibitin ta hana karɓar irin wannan umurni ta waya daga wanda ba a sani ba. A haƙiƙa ba magani ba ne, abu ne maras cutarwa, kuma akwai wanda aka ajiye ya tsayar da ita kafin ta isa ga maras lafiya. Daga cikin 22 da aka gwada, 21 sun zuba maganin sun nufi gado. Alhali da aka karanta wa wasu ma'aikatan jinya da ɗalibai su 33 labarin a takarda, aka tambaye su me za su yi, 31 sun ce ba za su bayar ba.

Kada mu yi saurin zargin waɗannan mata. Abin da mutum ke zato game da kansa yana zaune a inuwa daban ne da abin da zai aikata idan murya mai iko ta faɗo masa a kunne. A shekarar 1977 wasu masu bincike biyu, Rank da Jacobson, suka maimaita gwajin da ɗan bambanci: suka yi amfani da maganin da ma'aikatan suka sani, wato Valium, kuma suka bar su su yi magana da abokan aikinsu kafin su zartar. Sai 16 daga cikin 18 suka ƙi bayarwa. Sanin abu da samun abokin shawara, waɗannan biyun ne suka juya sakamakon.

Akwai kuma wani ciwo da kowa ya sani, na aikin da aka bar wa kowa. Darley da Latané sun nuna a 1968 cewa idan mutum ya ji wani yana neman agaji, kuma yana zaton shi kaɗai ya ji, 85 cikin 100 sukan tashi, amma idan yana zaton akwai wasu huɗu da suka ji tare da shi, 31 kawai ke tashi a kan lokaci. Shi ya sa ake koya wa jagoran masu ceton rai kada ya ce "wani ya kawo jini". Ya kama suna, ya ce wance ki kawo, ita kuma ta maimaita abin da ta ji da bakinta, idan ta kawo ta faɗa.

Abin da mutum ɗaya kaɗai ya sani

Dalilin tara mutane su yi shawara shi ne kowa ya kawo abin da ɗan'uwansa bai sani ba. Bincike ya nuna taro yakan yi akasin haka. A 1985 Garold Stasser da William Titus suka ba ƙungiyoyin ɗalibai, huɗu-huɗu, bayanin ƴan takara uku, su zaɓi wanda ya fi cancanta. Idan an ba kowa cikakken bayani, fiye da kashi 80 na ƙungiyoyin sukan zaɓi mafi cancantar. Amma idan aka rarraba kyawawan halayensa, wannan ya san biyu, wancan ya san wasu biyu, ta yadda sai an haɗa za a gane shi ne gwani, sai waɗanda suka zaɓe shi suka kasa kai ɗaya cikin huɗu. Bayanin yana cikin ɗakin, a cikin kawunan waɗanda ke zaune, amma ba a fito da shi ba. Sun cinye lokacin suna nanata wa juna abin da dukansu suka riga suka sani.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Maganar da mutum huɗu suka sani tana da baki huɗu da zai iya furta ta, wadda mutum ɗaya ya sani bakinta ɗaya ne. Sannan idan ka faɗi abin da kowa ya sani sai a gyaɗa maka kai, ka ji daɗi, a ɗauke ka mai hankali. Idan ka faɗi abin da kai kaɗai ka gani, ba ka da shaida, kuma wataƙila ya saɓa wa inda manya suka riga suka karkata.

James Larson da abokan aikinsa a Shikago sun gwada wannan a kan likitoci a shekarun 1990. Sukan haɗa mutum uku, likita mai neman ƙwarewa da na ƙasa da shi da ɗalibi, kowa ya kalli hoton bidiyo na hira da maras lafiya shi kaɗai, ba tare da sun san cewa abin da aka nuna wa kowannensu ya ɗan bambanta ba, sannan su haɗu su gano cutar. Su ma alamomin da duka suka gani su suka fara ambata, su suka fi ambata, kuma inda gano cutar ya rataya a kan alamar da mutum ɗaya ya gani, kuskure ya fi yawa. Amma an lura da wani abin ƙarfafa zuciya: babban cikinsu shi ya fi yawan tambaya, shi ya fi ɗauko maganar da ta fito daga bakin mutum ɗaya ya dawo da ita tsakiyar zance. Wannan a ganinmu shi ne ainihin aikin shugaba a wurin shawara. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma a kan gogewar rayuwa maganar gaskiya ce. Sai dai a bakin gadon maras lafiya, wanda ya kwana a wurin ya ga abin da wanda ya shigo da safe bai gani ba, komai furfurarsa. Saboda haka ne masana ke ba da shawarar ƙarami ya fara faɗin ra'ayinsa kafin babba, ko kowa ya rubuta nasa kafin a buɗe baki, domin da zarar babba ya furta, sauran sukan koma neman hujjar da za ta goyi bayansa.

Tsoro da tsawa

A farkon shekarun 1990 wata ɗalibar babban digiri a Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta shiga wani bincike kan kurakuran bayar da magani a sassa takwas na asibitoci biyu. Zatonta shi ne sassan da ma'aikatansu suka fi jituwa, shugabanninsu suka fi kyau, su za su fi ƙarancin kuskure. Da lissafi ya fito sai ta ga akasi: su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Ta tura wani mai bincike da bai san sakamakon ba ya je ya zauna a sassan ya lura. Ya dawo da amsa: a inda shugaba ke da zafi, kuskure yakan zama laifin da ake ɓoyewa, a inda ake iya magana kuwa ana faɗinsa a rubuta shi. Wato ba kuskuren ne ya fi yawa ba, faɗinsa ne ya fi yawa. Ta wallafa wannan a 1996, sannan a 1999 ta yi cikakken bayanin abin da za mu iya kira amintuwa daga kunyata: mutum ya tabbata cewa idan ya yi tambaya, ko ya ce ban sani ba, ko ya ce na yi kuskure, ba za a wulaƙanta shi a gaban jama'a ba. Daga baya ita da abokan aikinta suka bi ƙungiyoyin fiɗar zuciya a asibitoci 16 da ke koyon wata sabuwar hanyar aiki. Shaharar asibiti da girman muƙamin likita ba su ne suka nuna waɗanda za su riga ƙwarewa ba. Waɗanda suka riga su ne waɗanda likitansu ya tara mutanensa ya gaya musu cewa yana bukatar idonsu da bakinsu, kuma ya nuna haka a aikace.

Duk shugaban da ke alfahari cewa a sashensa ba a taɓa kawo rahoton kuskure ba, ya kamata wannan bincike ya hana shi barci.

Game da tsawa kuwa, akwai gwajin da aka wallafa a 2015, wanda Arieh Riskin da abokan aikinsa suka yi da ƙungiyoyi 24 na likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da jarirai a Isra'ila. An ba su mutum-mutumin bakwaini mai ciwon hanji su gano cutar su yi magani, aka ce musu wani ƙwararre daga waje yana kallo. Ga rabinsu baƙon ya yi magana ta yau da kullum. Ga ɗaya rabin ya jefa ƴan kalmomin raini game da aikin likitocin ƙasar, ba ma a kan su kansu ba. Alƙalan da suka auna aikin ba su san wa aka raina ba, amma sun ba waɗanda aka raina maki ƙasa da na sauran, wajen gano cuta da wajen aikin hannu. An lura sun rage gaya wa juna abin da suka gani, sun rage neman taimako. Wanda ke zaton tsawa tana gyara ma'aikaci ya sani cewa wanda ke biyan kuɗinta shi ne na kan gado. Wannan kuwa ya haɗa da tsawar da ƴan'uwan maras lafiya ke yi wa ungozoma ko ma'aikacin jinya.

Abin da aka gwada na gyara

Matuƙa jirgin sama ne suka riga likitoci farga. Ranar 27 ga Maris 1977 manyan jirage biyu suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerif cikin hazo, mutum 583 suka halaka. Injiniyan da ke bayan matuƙin jirgin Holan ya tambaya ko ɗaya jirgin ya riga ya bar hanya, babban matuƙin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari, ba a sake ɗaga maganar ba. Daga irin wannan ne aka shigo da horo na musamman, wanda ke wajabta wa ƙarami ya yi magana, ya wajabta wa babba ya saurara. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2000 ya nuna nisan da ke tsakanin sana'o'in biyu a lokacin: da aka gabatar da ra'ayin cewa bai kamata ƙarami ya tuhumi hukuncin babba ba, kashi 97 na matuƙa sun ƙi yarda da shi, amma a cikin manyan likitocin fiɗa kashi 55 ne kawai suka ƙi. Kazalika kashi 64 na waɗannan likitoci sun ce aiki tare yana tafiya da kyau a tsakaninsu, alhali daga ma'aikatan jinyar da ke aiki da su kashi 28 ne suka ce haka.

A nan ne muke ganin ƴan'uwa masu halartar jam'i za su fi kowa saurin fahimta. Liman shi ne jagora, ba a riga shi ruku'u, ba a riga shi sallama. Amma idan ya yi mantuwa, ya miƙe inda ya kamata ya zauna, na bayansa yana da kalma sananniya da zai furta, wato tasbihi, ko da yaro ne, ko da almajirin limamin ne. Ba wanda ke ɗaukar wannan rashin ladabi, liman ba ya jin an ci masa fuska, domin tun kafin a tayar da salla kowa ya san ƙa'idar. Irin wannan ce asibitoci suka rasa, sai da suka zauna suka ƙirƙira. A wani tsarin horo da hukumomin Amurka suka fitar a 2006, an koyar da kalmomi masu hawa uku da kowa ya san ma'anarsu: ma'aikaci ya ce ya damu, idan ba a kula ba ya ce hankalinsa bai kwanta ba, idan har yanzu ba a kula ba ya ce wannan magana ce ta tsaron rai, a dakata. An kuma ce idan ya faɗa sau biyu ba a amsa ba, ya wuce zuwa ga na gaba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

A jihar Mishigan ta Amurka, likita Peter Pronovost ya jagoranci wani aiki a sassan kulawa ta musamman guda 103, domin rage cutar da ke shiga jini ta bututun da ake zurawa a babbar jijiya. Matakan guda biyar ne, kuma kowane likita ya san su: wanke hannu, rufe jiki da kaya masu tsabta, goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kauce wa jijiyar matsematsi, da cire bututun da zarar bukatarsa ta ƙare. Sabon abu shi ne an ba ma'aikaciyar jinya iko ta tsayar da likita idan ya tsallake ɗaya, kuma shugabannin asibiti suka tsaya mata. Sakamakon da aka wallafa a 2006 ya nuna kamuwa ta sauko daga 7.7 zuwa 1.4 a cikin kowane kwana 1000 na zaman bututu a jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta fitar da takardar tuni ta ɗakin fiɗa a 2008, mai abubuwa 19. Ana tsayawa sau uku: kafin a sa barci, kafin a tsaga fata, da kafin a fitar da maras lafiya. Ana tabbatar da sunansa da gaɓar da za a yi wa aiki, da ko akwai maganin da jikinsa ba ya so, da yawan jinin da ake tsammanin zai zuba, a ƙarshe a ƙirga auduga da allurai da ƙarafa. A cikinta akwai wani abu da wasu manya suka raina: kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa da babbar murya. Hikimar ita ce bakin da ya buɗe sau ɗaya ya fi sauƙin sake buɗewa. An gwada ta a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto har Amman da Manila da Ifakara ta Tanzaniya, a kan marasa lafiya fiye da 7,600, aka ga mutuwa ta sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan aiki kuma daga kashi 11 zuwa 7.

Sai dai takardar ba laya ba ce. Da aka wajabta ta a lardin Ontariyo na Kanada, binciken asibitoci 101 da aka wallafa a 2014 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. A jihar Uttar Pradesh ta Indiya an gwada makamanciyarta ta ɗakin haihuwa a cibiyoyi 120, a kan haihuwa fiye da 150,000, aka ga ma'aikata sun ƙara kiyaye matakan, amma mutuwar uwaye da jarirai ba ta ragu ba, kamar yadda aka wallafa a 2017. Fahimtarmu ita ce takarda tana amfani ne idan ta sa an tsaya an yi magana da gaske, ba a cike ta bayan an gama aiki ba. Sannan kyakkyawar shawara ba ta zama madadin jini a ma'ajiya, ko motar ɗaukar maras lafiya mai mai a ciki, ko ƙwararren da zai yi fiɗa da tsakar dare. Kuma tunda mafi yawan waɗannan bincike an yi su ne a inda likita ɗaya ke duba mutane kaɗan, wajibi ne mu yi adalci ga ma'aikacin da ke shi kaɗai a ɗakin shan magani na ƙauye, layi har bakin titi.

Rabon mai zaman jinya

A asibitocinmu mai zaman jinya shi ke sayo magani, shi ke ciyarwa, shi ke juya maras lafiya, shi ke farke da dare. Ko an ƙirga shi ko ba a ƙirga shi ba, yana cikin masu aikin, kuma shi ya fi kowa riƙe da bayanin da mutum ɗaya kaɗai ya sani: jiƙon da aka sha kafin a zo, ƙwayoyin da aka saya a hannun mai talla a kasuwa, kwana nawa aka yi ana naƙuda a gida, rabon yaro da fitsari tun yaushe. Sau da yawa ana ɓoye waɗannan saboda tsoron faɗa, likita kuma ya yanke hukunci a kan rabin labari. Ma'aikacin da ya yi wa mutum tsawa don ya faɗi gaskiya ya koya wa dukan waɗanda ke layi su yi shiru.

Matsalar ba ta ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. A 2021 wata yarinya ƴar shekara 13, Martha Mills, ta rasu a Landan sakamakon cutar da ta shiga jininta bayan ta faɗi daga keke ta ji rauni a ciki. Iyayenta sun yi ta faɗin cewa jikinta yana ƙara tsanani, ba a ɗauki maganarsu da nauyin da ya kamata ba, kuma mai binciken sanadin mutuwa ya ce da an mayar da ita sashen kulawa ta musamman da wuri, mai yiwuwa ne ƙwarai da ta rayu. Saboda fafutukar iyayenta, a 2024 aka fara wani tsari mai ɗauke da sunanta a asibitoci 143 na Ingila: a tambayi maras lafiya kullum ko yana jin sauƙi ko tsanani, kuma shi da danginsa da kowane ma'aikaci suna da damar kiran wasu likitoci dabam, dare ko rana, su zo su sake dubawa.

Ba muna kira ba ne ga jayayya da likita a kan abin da ya karanta mu ba mu karanta ba. Abin da ya rataya a kan mai zaman jinya shi ne ya isar da abin da ya gani, a kan lokaci, ta yadda za a ji. Dangi su wakilta mutum ɗaya mai natsuwa wanda ya san labarin tun farkonsa, maimakon biyar su yi magana lokaci guda. Ya zo da kwalaye da ragowar duk abin da aka sha, har na gargajiya. Kada ya tsaya a kan "jiki ya yi tsanani", ya faɗi abin da ya sauya: jiya yana gane mutane yau ba ya ganewa, numfashi ya ƙara sauri tun bayan la'asar, an canza zane sau uku saboda jini. Idan an ba shi umurnin yadda za a sha magani, ya maimaita shi a gaban wanda ya faɗa domin a gyara masa idan ya ji ba daidai ba. Idan ya faɗi damuwarsa ba a kula ba, ya sake faɗa da ladabi, idan har yanzu shiru, ya tambayi inda majo ko likitan da ke tsaron dare yake, ya je ya same shi.